Sharhi Kan Darussan Hana Shan Sigarin Lantarki a Makarantun Amurka

A shekarar 2019 ƙididdigar gwamnatin Amurka ta nuna kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantun sakandare suna zuƙar sigarin lantarki, watau 'yar na'urar nan mai batir da ke ɗumama wani ruwa mai nikotin. Hankalin malamai ya tashi, aka yi ta fito da kayan koyarwa. Biyu daga cikinsu za mu auna.

Na farko na Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar ne, mai suna The Real Cost, wanda aka juya kan wannan sigari a 2018. Har cikin makewayin makarantu aka liƙa takardunsa, domin can yara kan ɓuya su sha, wannan kuwa dabara ce. Amma a majiginsa an nuna waɗansu tsutsotsi suna yawo ƙarƙashin fatar samari, to, nan muka raba hanya. Yaron da abokinsa ya shekara biyu yana zuƙa, ga fuska sumul, zai ɗauki abin tatsuniya. In kuwa ya ƙaryata tsutsar, sai ya haɗa da gaskiyar da ke bayanta, cewa nikotin na kama ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Na biyu, CATCH My Breath, na masanan Jami'ar Tekzas, ya fi shiga ranmu. Darasi huɗu ne kurum. Akan kasa yara ƙungiya-ƙungiya, wani daga cikinsu ya shugabance su. Sai su kintaci yawan tsararsu masu sha, sa'an nan a gaya musu adadin gaskiya, wanda galibi bai kai zatonsu ba. Lalle wannan ya san halin yaro, gama abin da ke jansa shi ne tsammanin kowa na yi. Suna kuma tankaɗe tallar kamfanoni, suna gwada yadda mutum zai ƙi tayin aboki ba tare da an ɓata ba.

Akwai wani abu da ya shafi masu nazarin harshe. Sunan abin da Turanci daga kalmar tururi ya fito, har yara suka ɗauka ruwa ne zalla, dole darussan suka tsaya warware wannan. Duk mai niyyar mayar da su Hausa ya kiyayi kalmar nan, kada ya gaji ruɗun da ba nasa ba.

Inda littafin ya gaza shi ne, da wanda bai fara ba yake magana. Kamfanin Juul da kansa ya ce nikotin ɗin kwanso ɗaya ya kai na kwalin taba mai kara 20. Yaron da ke ƙarar da kwanso a kwana ɗaya ko biyu ya wuce koyon ƙin tayi, taimakon likita yake bukata, darasi huɗu kuwa ba su isa su raba shi da ita ba.