Kama da Wane Ba Ta Wane: Dashen Gem da Makin Masu Sharhi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem, irin na bayan layi mai benci biyu da talabijin uku da janareto yana ta kuka a waje, ya san rigimar farko ta hannun gem ce, tun kafin a zo kan zaɓen kulob. A kowane shago akwai hannu mai lafiya, akwai mai ciwo, wanda sandarsa ta saki har ɗan wasanka ya kama hanyar kwana kai kuwa ba ka taɓa komai ba. Wanda ya riga zuwa ya ɗauki mai lafiyar, na biyu ya ɗauki uzurinsa tun ba a take ƙwallo ba. In aka ɗura masa uku da nema sai ka ji ya ce, "Wallahi hannun ne." Mukan yi masa dariya, mu ce borin kunya yake yi. Amma bayan na ɗauki shekaru ina karanta abin da manyan masu sharhin gem suke rubutawa, na fara ganin yaron nan ya fi wasunsu gane kan sana'ar. Shi ya san cewa gem yana zaune ne tsakanin babban yatsa da abin da ido ya gani, in nan ya lalace to komai ya lalace.

Al'adar ba wa gem maki tsohuwa ce. Mujallar Famitsu ta Japan, wadda ta fara fitowa a 1986, ta yi suna da tsarin mutum huɗu, kowa ya ba da maki cikin 10, a tara a samu abin da gem ya ci cikin 40. Sai a 1998 wani gem ya fara cinye 40 ɗin cif, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time. A 2001 shafin Metacritic ya zo yana tattara makin mujallu da shafuka barkatai yana narka su su zama lamba ɗaya cikin 100. Daga nan lambar ta zama kuɗi. Chris Avellone na kamfanin Obsidian ya bayyana a 2012 cewa an yi musu alkawarin ƙarin lada in Fallout: New Vegas ya kai 85, sai ya tsaya a 84, maki ɗaya ya raba su da ladan. Kafin nan, a 2007, shafin GameSpot ya sallami editansa Jeff Gerstmann bayan ya kushe Kane & Lynch, gem ɗin da tallarsa ta cika shafin a lokacin. Masu ƙorafi a kan wannan al'ada sukan tsaya a nan, a kan matsin masu talla da son rai. Ni damuwata tana wani wuri. Makin yana rataye ne a wuyan suna, alhali sunan nan guda yana da jiki uku ko biyar, kuma ba lafiyarsu ɗaya ba.

Abin da nake nufi shi ne ɗaukar gem daga na'urar da aka ƙera shi dominta a kai shi wata. Ni dashe nake kiransa, don manomin albasa ko shinkafa zai fi kowa saurin ganewa. Iri ɗaya ne, daga bedi ɗaya aka cire, amma wanda aka dasa a fadama da wanda aka dasa a jigawa ba za su haifi abu ɗaya ba. Tsohon misali shi ne Pac-Man. Kamfanin Namco ya fitar da shi a 1980 a manyan akwatunan da ake jefa wa kwabo, a 1982 kuma aka dasa shi a Atari 2600, na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce bayit 128 ba. Ba za ta iya zana fatalwa huɗu a lokaci guda ba, sai mai dashen, Tod Frye, ya sa take zana su bi da bi, suna ta ƙifta kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Ɗigon da ake ci ya koma sanda-sanda, Pac-Man kansa ba ya juya fuska sama ko ƙasa. An sayar da miliyoyi saboda suna. Masu saye sun biya kuɗin wane, aka miƙa musu mai kama da wane.

Wannan dashe ne da ya gaza saboda ƙarfin na'ura, kuma ido yana ganinsa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda ido ba ya gani, wato in akalar gem ta canja.

A ɗauki Resident Evil na 1996, aikin Shinji Mikami a kamfanin Capcom. Tafiyar mutum a cikinsa irin ta tankar yaƙi ce: ka danna sama ya yi gaba ta inda fuskarsa take, ka danna gefe ya tsaya yana juyawa a hankali kamar mai jin ciwon wuya. Shekara da shekaru ana zagin wannan tsari, ana cewa gurguwar akala ce. Amma a duba yadda aka gina gidan da labarin yake faruwa. Kyamara a kafe take, kowane lungu da inda take kallonsa, kana ƙetare ƙofa sai ta yi tsalle ta koma wata kusurwa. In da "sama" yana nufin saman talabijin ne, da duk lokacin da kyamara ta canja sai ka ga mutuminka ya juya ya koma bakin abin da yake gudu. Akalar tankar ce take riƙe shi a kan hanya. Sannan nauyinta shi ne rabin tsoron. Gawa mai tafiya tana jan ƙafa a hankali, yaro ma zai tsere mata a fili, abin da ya sa take razana ka shi ne sanin cewa kafin ka juya ta iso. Da aka sake fitar da sabon zubin gem ɗin a 2015 aka ƙara masa akala ta zamani, wadda duk inda ka tura sanda nan mutum zai nufa nan take, sai ga 'yan wasa suna kewaye gawarwakin kamar ana wasan langa. Ɗakunan ba su canja ba, dodannin ba su canja ba, tsoron ne ya ragu. Haka aka yi da Resident Evil 4 na 2005. An tsara shi ne a kan cewa in za ka yi harbi dole ka tsaya cik, ka lallaɓa jan ɗigon bindiga da sanda, hannunka yana rawa, mutanen ƙauye suna matsowa. A 2007 aka dasa shi a na'urar Wii, inda kake nuna talabijin da rimot kai tsaye, sai harbin kai ya zama kamar tsinkar mangwaro a reshen ƙasa. Da yawa sun ce wannan ne zubi mafi daɗi, ban musa ba, amma wani gem ne daban. A shekarar ce kuma aka kai shi kwamfuta ba tare da an ba shi damar amfani da linzamin kwamfuta ba, abin da duk mai harbi a kwamfuta yake taƙama da shi. Suna ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ya yi laushi, ɗaya ya ƙage. Wane maki za a rubuta a goshin "Resident Evil 4"?

A nan dole a yi wa mai sharhi adalci, don shi ma hannunsa yana da tarbiyyar da ya taso da ita. A shekarar 2000 an fitar da Alien Resurrection a PlayStation da wani tsari: sandar hagu ta tafiya, ta dama ta juya kallo. Mai sharhin GameSpot ya ce wannan tsarin ne abu mafi ban tsoro a gem ɗin gaba ɗaya. Shekara guda bayan haka Halo ya fito da kusan irinsa, yau kuwa duk yaron da ya riƙe hannun gem haka yatsunsa suke zama ba tare da an koya masa ba. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ya faɗa. Kuskurensa shi ne ya ɗauki baƙuntar yatsunsa a matsayin laifin mai ƙira. Wannan ne ciwon da ya fi yawa a sharhin akala: ba a cika bambanta "ban saba ba" da "ba a yi daidai ba". Hanyar bambantawa kuwa ba ta da wuya. A tambaya, nauyin nan yana yi wa gem ɗin wani aiki, ko kuwa tsaya masa kawai ya yi a maƙogwaro?

Akwai kuma inda ba a bar mai sharhi ya ga jikin da talaka zai saya ba. Batman: Arkham Knight ya sha yabo a PlayStation 4 a watan Yuni na 2015, amma zubinsa na kwamfuta ya lalace har Warner Bros. ya dakatar da sayar da shi, bai dawo ba sai Oktoba. Cyberpunk 2077 ya fi muni. Kafin fitowarsa ranar 10 ga Disamba 2020, zubin kwamfuta kaɗai kamfanin CD Projekt ya raba wa masu sharhi. Maki ya fito sama da 80, masu PlayStation 4 suka zuba kuɗi, cinikin biri a sama. Da aka zo auna nasu zubin bai kai 60 ba, cikin mako guda kuma Sony ya cire shi daga kantinsa, sai Yuni 2021 ya mayar. Gaskiya ne Metacritic yakan ware maki na'ura-na'ura, amma lambar da ta riga fita ita take yawo a tallace-tallace, ta biyun takan iso ne bayan aljihu ya riga ya yi sauƙi.

To mu fa, a wane jiki gem yake zuwa mana? Mafi yawanmu yanzu a waya ne, kuma ba waya mai tsada ba. Nan ne maganar dashe ta fi shafarmu, nan ne kuma sharhin ƙetare ya fi yi mana shiru. Gilashi ba shi da baki, ba shi da tudu. A hannun gem yatsa yana jin inda maɓalli ya fara da inda ya ƙare ko da ido a rufe, a fuskar waya kuwa sai ka duba, yatsun da kake wasa da su kuma su ne suke rufe maka abin da kake kallo. In zufa ta zo, ko wayar ta ɗau zafi ta fara rage gudu da kanta, hotuna 60 da ya kamata su wuce a daƙiƙa su koma 30 ko ƙasa, sai ka danna harbi ƙwallon ta tashi bayan mai tsaron baya ya riga ya ƙwace. Matasanmu da suke loda tsofaffin gem ɗin ƙwallo na PES a manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ya fara a 2012 don kwaikwayon na'urar PSP, dashe biyu suke bugawa a jere ba su sani ba: an rage gem ɗin daga PlayStation 2 zuwa PSP mai sanda ɗaya da maɓallan kafaɗa biyu, sannan aka shimfiɗa waɗannan maɓallan a kan gilashi.

Shi ya sa ban yarda da raini da ake yi wa Free Fire ba. Kamfanin Garena ya fitar da shi a 2017, kuma in aka jera hotonsa da na manyan gem na kwamfuta sai ya zama kamar zanen ɗan firamare. Amma a ƙasar da ya tsiro aka shuka shi. Mutum 50 ne a fili maimakon 100, wasa yana ƙarewa cikin kamar minti 10, saitin bindiga yana ɗan manne wa abokin gaba don a rama wa yatsa abin da gilashi ya hana shi, kuma kana iya jan kowane maɓalli ka ajiye inda hannunka ya fi so. Wanda ya tsara haka ya san wace waya za ta ɗauke shi, da wane caji, da wace data. A gwada shi da Grand Theft Auto: San Andreas, gwarzon PlayStation 2 na 2004, wanda aka dasa a waya a ƙarshen 2013. Gem ne babba, ba mai ja, amma tuƙa jirgin sama ko bin jirgin ƙasa a kan babur da maɓallan gilashi aikin haƙuri ne. Abin dariya, wannan zubin wayar ne aka sake kwashewa aka kai Xbox 360 a 2014, dashe a kan dashe. Da aka fitar da zubin da aka ce shi ne kammalalle a Nuwamba 2021, an share hazon da yake lulluɓe nesa. Hazon nan dabara ce ta ɓoye gazawar PlayStation 2, amma shi ne yake sa jihar ta zama kamar ba ta da iyaka. Da ya yaye, mutum ya hau dogon bene ya hango birane uku a tafin hannu kamar an baje taswira a tabarma. Sai da kamfanin Rockstar, mai gem ɗin, ya fito ya ba da haƙuri. In za a tambaye ni wanne ne ya fi a wayar da ke aljihun ɗan makarantar sakandare a Gusau ko Maraɗi, Free Fire zan ce, ko da kuwa a wurin masu maki San Andreas ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yanzu da 'yan uwanmu suka fara sharhin gem da Hausa a YouTube da TikTok, ina roƙonsu kada su gaji lambar su bar hannun. Kafin ka ce gem ya haɗu ko bai haɗu ba, gaya mana sunan wayarka da girman ƙwaƙwalwarta, da hannu ka buga ko da gilashi, minti nawa ta yi kafin ta ɗau zafi, data nawa ta sha. In da hali ka juya kyamara mu ga yatsunka.