Yadda Georges Perec Ya Gina Littafi da Tsallen Doki

A shekarar 1978 marubucin Faransa Georges Perec ya fitar da wani littafin ƙagaggun labarai mai shafi sama da 600, mai suna La Vie mode d'emploi, wato takardar bayanin yadda ake amfani da rayuwa. Mutum zai iya karanta shi daga bango zuwa bango, ya yi dariya, ya ji tausayi, bai taɓa sanin cewa a ƙarƙashin kowane babi akwai lissafi a kwance ba. Wannan lissafin shi ya fi ɗaukar hankalina, domin a cikinsa ake ganin hannun gwani yana aiki.

Abin da ya fara yi shi ne zana gida. Benen haya ne a birnin Paris, lamba 11 a titin Simon-Crubellier, titin da shi ya ƙirƙiro shi. Ya ƙaddara an ɗebe bangon gaba ɗungurungum, ana hango kowane ɗaki da abin da ke cikinsa. Sai ya ja layuka, goma a tsaye goma a kwance, gidan ya kasu gurbi 100, tun daga ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa har ƙananan ɗakunan barori na can ƙoli, haɗe da matakala. Kowane gurbi babi guda. Ya kuma tsayar da agogo a ranar 23 ga Yuni 1975, dab da ƙarfe 8 na dare. Duk labarin da za a ji, daga wannan ɗan taƙin yake tasowa.

To, da wane ɗaki za a fara, wanne zai biyo? Da ya bi su hawa-hawa, da mai karatu ya gundura tun a hawa na biyu. Da ya bar wa son ransa, da ya yi ta komawa ɗakunan da suka fi masa daɗi. Sai ya ari doki daga wasan ces, darar Turawa. Dokin ces ba ya tafiya miƙe: yakan tsallake gurbi biyu ya karkata ɗaya. Akwai tsohon kacici-kacici na masu lissafi, a sa dokin ya taka kowane gurbi sau ɗaya tak ba maimaici. Allon ces gurbi 64 gare shi, na Perec kuwa 100, don haka shi ya zauna da fensir ya yi ta gwaji har ya samo hanyarsa. Babi na farko a kan matakala yake. Daga nan doki ya yi tsalle, inda ya dira nan ne babi na biyu.

Saura abin da za a zuba a ɗakunan, kuma a nan aikin ya fi nauyi. Ya tsara jeri 42, kowane jeri da abu goma. Akwai jerin yanayin jiki, kamar zaune ko tsaye ko durƙushe. Akwai na dabbobi, da tufafi, da launuka, da abinci, da abin sha, da kujeru da tebura, da kiɗa, da furanni, har da tsawon babin kansa. Akwai jeri biyu na marubuta, irin su Flaubert da Kafka da Jules Verne da Borges, waɗanda zai ɗauko jimlarsu ya saƙa a cikin tasa yadda ba za a ga ɗinkin ba. Ya haɗa jerin bibbiyu, suka zama tagwaye 21.

Rabon kayan kuwa wani allon lissafi ne ya yi shi. A kowane gurbi ana rubuta lamba biyu, daga 1 zuwa 10. Sharaɗin shi ne lambar farko ba za ta maimaitu a layi ɗaya ba, tsaye ko kwance, haka ma ta biyu, sannan babu tagwayen lamba da za su fito sau biyu a duk allon. Ma'ana, kowane abinci zai gamu da kowane abin sha sau ɗaya rak a cikin littafin. Babban masanin lissafi Euler ya yi hasashe a 1782 cewa irin wannan allo mai goma sau goma ba ya yiwuwa. Sai a 1959 Bose da Shrikhande da Parker suka nuna yana yiwuwa. Ba a cika shekara ashirin ba Perec ya mai da shi kayan aikin marubuci.

Yanzu a dube shi a bakin tebur. Doki ya kawo shi wani ɗaki. Ya ɗauki farar takarda, ya duba allunan, ya jera abubuwa 42 da suka faɗo wa wannan babi. A ce takardar ta ba shi mutum a durƙushe, da kyanwa, da launin ruwan ɗorawa, da shayi, da jimla daga Flaubert. Dole ya tambayi kansa: wane ne wannan, me ya durƙusar da shi, kyanwar ta wace ce, wa ya bar shayin ya huce? Daga amsoshin labari ke tsirowa. Kamar masaƙi ne da ya riga ya ja zarensa ya ɗaure, ƙoshiya kawai ke kai da komo, amma adon da zai fito a ƙyallen yana ga idonsa da yatsunsa. Wani marubucin yana nan zaune yana jiran ranar da basira za ta sauko masa. Perec kullum yana da tambaya 42 a gabansa.

Abin da ya ƙara masa girma a idona shi ne ya san inda zai sassauta. Cikin jerin nan akwai biyu da aikinsu karya doka ne: ɗaya na umartar a bar wani abu, ɗaya na umartar a musanya wani da na bogi. Sannan babobin 99 ne, ba 100 ba. Tsalle na 66 ya faɗa a ɗakin ajiya na kusurwar hagu ta ƙasa, shi kuwa ya ƙi rubuta shi. A ƙarshen babi na 65 ya ajiye hoton wata yarinya tana gatsar kusurwar biskit, alamar inda gurbin ya tafi.

Babban labarin littafin ma na ƙwazo ne. Attajiri Bartlebooth ya yi shekara goma yana koyon zanen fentin ruwa, ya yi ashirin yana zagaya duniya yana zana tashoshin jiragen ruwa 500. Wani gwanin sassaƙa, Gaspard Winckler, yana yanka kowane zane gutsure 750, Bartlebooth kuma ya dawo ya duƙufa harhaɗa su. Ajali ya riske shi a kan na 439.

Wannan hannu ya daɗe yana horuwa. Perec ya yi aikin adana takardu a wani ɗakin binciken kimiyya daga 1961 zuwa 1978. A 1967 ya shiga Oulipo, ƙungiyar marubuta da masu lissafi da Raymond Queneau da François Le Lionnais suka kafa a 1960 don ƙirƙiro ƙa'idojin rubutu. A 1969 ya rubuta La Disparition, kusan shafi 300 babu harafin e, wanda ya fi kowane harafi yawa a Faransanci. Mai son ɗanɗana wahalar ya gwada rubuta layi uku na Hausa ba harafin a. Ba wasa kaɗai yake yi ba: mahaifinsa ya mutu a fagen yaƙi a 1940, mahaifiyarsa kuma, Bayahudiya, 'yan Nazi suka tafi da ita a 1943 ba ta dawo ba. La Disparition kan abin da ya ɓace yake magana.

La Vie mode d'emploi ya ci kyautar Médicis, kuma Italo Calvino na Italiya ya yaba masa matuƙa. Perec ya rasu a 1982 yana da shekara 45. A 1993 aka buga takardun aikinsa, jeri da alluna da rubutun hannunsa, inda kowa zai iya bin sawun dokin. Gilbert Adair ya juya La Disparition zuwa Ingilishi shi ma ba harafin e, masu fassarar Sifaniyanci suka jefar da a, sannan a Kanada Christian Bök ya shafe shekara bakwai yana rubuta Eunoia, littafin da kowane babinsa wasali ɗaya kaɗai ke cikinsa.