Garin Neman Gira: Sharhi Kan Hotuna Uku Daga Ƙaura Namoda

Muna da wani ɗan 'yar'uwa a Ƙaura Namoda, yaro ɗan shekara 19, wanda har zuwa bara ba a san shi da komai ba sai kiwon tantabara da zuwa gidan kallon ƙwallo. Da ya sayar da wasu daga cikin tantabarunsa, ya haɗa da ɗan abin da yake samu a shagon cajin waya, sai ya sayi wata Tecno ta hannu, daga nan sha'awarsa ta karkata ga ɗaukar hoto. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Abin da ya sani ya tsinto shi ne a YouTube da tsakar dare, lokacin da data ta fi araha, da kuma wurin abokansa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin. Wayarsa cike take da manhajojin gyaran hoto: Snapseed da PicsArt da Remini. Kwanan baya ya turo mana tarin hotuna, ya ce, "Kawu, ku duba ku gaya mini gaskiya." Mun zaɓi uku daga ciki, kuma da izininsa muke kawo su nan.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kawo hoton waya cikin mujallar adabi. Dalilinmu shi ne, wanda ya zauna yana gyara hoto da wanda ya zauna yana tace labari aiki ɗaya suke yi: kowanne yana yanke shawarar abin da za a bari da abin da za a cire. Kuma irin wannan yaro yana da yawa. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi zuwa Zurmi, da wuya ka shiga unguwar da babu wani matashi da ake kai wa hoton biki ko na suna ya "gyara". Hannunsu ne ke tsara yadda za a tuna da mu.

Hoto na farko na tantabara ne. Ya ɗauke ta bayan la'asar, tana shirin sauka a bakin akurki, fiffikenta ɗaya a buɗe, ƙafafunta ba su kai ga taɓa katangar ba. Gyaran da ya yi masa kaɗan ne. Ya yanke gefen dama inda wani bokiti ya leƙo, ya ɗan ɗaga hasken wuraren da suka yi duhu har ƙyallin kore da shunayya na wuyanta ya fito, sannan ya tsaya. Jar ƙasar katangar tana nan yadda take, har da tsagewar da damina ta yi mata. A duk tarin da ya turo babu wanda ya kai wannan.

Mun tambaye shi me ya sa bai ƙara mata launi ba, alhali ya saba cika wa sauran hotuna. Sai ya yi dariya, ya ce ai duk mai kiwon tantabara zai gane, kuma za a yi masa dariya. Wannan amsa ta fi masa duk darussan da ya kalla. Ya shekara biyar yana kallon tsuntsayen nan safe da yamma. Ya san lokacin da za ta sauka, shi ya sa ya danna a kan kari. Ya san asalin launin wuyanta, shi ya sa hannunsa bai zarce ba. Sanin abin da aka ɗauka shi ne linzamin mai gyara. Inda yaron ya san abu, sai ya ji nauyinsa.

Hoto na biyu na tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura ne, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya zo ya tuƙe a shekarar 1929. Ta nan aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, kuma a yau shiru ya fi yawa a wurin. Yaron ya ɗauki hoton da hunturu, da safe, hazo ya rufe gari. Mun nemi ya turo mana na asali, muka jera su biyun.

A na asali sama fari-fari ce kamar an watsa toka, ƙarfen dogo ya miƙe ya ɓace cikin ƙura, awaki uku na kiwo a tsakanin layuka, wata yarinya ɗauke da tire tana tsallakawa, ga ledoji nan da can. A wanda ya gyara, ya cire samaniyar ya ɗora wata shuɗiya mai farin gajimare irin wadda manhaja ke bayarwa kyauta. Busasshiyar ciyawa ta koma kore shar. Awaki da ledoji da yarinyar duk ya goge su.

Aibu na farko na sana'a ne, kuma ido ma zai kama shi. Ranar hazo abubuwa ba su da kaifin inuwa, domin ƙura ta warwatsa hasken rana. Samaniyar da ya ɗora kuwa ta ranar da rana ke ƙwalla ce. Sai sama ta ce abu ɗaya, ƙasa ta ce wani, mai kallo ya ji hoton bai zauna masa ba ko da bai san dalili ba. Aibu na biyu ya fi wannan nauyi. Hazo shi ne hasken ƙasarmu na wata uku a shekara. Wanda ya tashi a nan, da ya ga wannan farin sama zai ji sanyin safiya da ƙamshin hayaƙin kara. Da aka cire shi, tashar ta zama ta ko'ina. Yarinyar kuma ita ce kaɗai abin da ke motsi a hoton, ita ce ke nuna cewa har yanzu mutane na ratsa wurin suna neman abinci. Ya goge ta ne a matsayin datti, tare da leda.

A aikin jarida wannan laifi ne mai hukunci. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton da suka ci kyautar Pulitzer, saboda ya goge kyamarar wani abokin aikinsa daga kusurwar hoton da ya ɗauka a Siriya. To amma yaronmu ba ɗan jarida ba ne, kuma mun fahimci abin da ya tura shi. Duk wanda ya rubuta Zurmi ko Shinkafi a intanet ya san abin da zai fito: ƙonannun gidaje, sojoji, jana'iza, mata da ƙullin kaya a ka. Yaro ya gaji da a san garinsu da wannan kawai, yana son ya nuna cewa su ma suna da kyau. Niyyar mai kyau ce. Sai dai akwai wadda ta riga shi jin wannan ciwo ta kuma samo masa magani mafi inganci. A 2015 Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan Maiduguri a Instagram da sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta san garin da komai ba sai bam. 'Yan makaranta ta ɗauka, da 'yan kasuwa, da masu biki, da tsofaffi a bakin titi. Ba ta ari samaniyar kowa ba. Ta nuna mutanen da ke nan suna rayuwa, hakan kuwa ya isa ya ƙaryata masu cewa garin ya mutu. Yarinya mai tire ita ce irin shaidar da yaronmu yake nema, ya same ta a hannu ya jefar.

Hoto na uku ba shi ya ɗauka ba. Ƙaramin hoto ne baƙi da fari, irin na fasfo, na kakansa na wajen uba wanda ya rasu tun kafin a haife shi. Lokacin da rashin tsaro ya tashe su daga wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba, kakarsa ta baro tukwane da gado da rumbu, amma ta fito da wannan hoton a ƙulle cikin haɓar zane. Ya karye a tsakiya, gefensa ya cinye, fuskar ta dushe. Yaron ya so ya faranta mata. Ya ɗauki hoton da waya, ya saka a manhajar da ke sabunta tsofaffin hotuna, cikin daƙiƙa kaɗan ta fito masa da fuska tas, mai santsi, mai launi, idanu na ƙyalli. Ya kai shago aka wanke masa babba, ya sa a firam ya kai mata.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa masa, ta ce, "Wanga ba Malam ba na. Ina askatai?"

Marigayin Bazamfare ne mai aska a kumatu. Manhajar ta ɗauki tsagar a matsayin ƙarcewar takarda, ta share ta tare da karyewar tsakiya. Ta kuma haskaka fatarsa, ta ɗan siranta hancin. Ya kamata masu wannan sha'awa su san yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki. Abin da ya dushe a takarda ya tafi, babu inda za a tono shi. Abin da na'urar ke yi shi ne cike gurbin da hasashe, daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita da su. Idan fuskoki masu aska ba su da yawa a cikin abin da ta koya, to a wurinta aska taɓo ce. Mutumin da ke cikin firam ɗin bai taɓa rayuwa ba. An haɗa shi ne daga fuskokin baƙi aka sa masa hular Malam.

Wannan matsala ta girmi wayar hannu. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake auna ko launi ya fita daidai. Fatar da ba ta yi kama da tata ba sai ta fito a dushe, kuma sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa da baƙar mace. Mun gaji wannan ma'auni, muka kuma ƙara masa namu. Al'ummar da ake sayar da man bilicin a kowace kasuwa ba ta buƙatar a koya mata son maɓallin da ke ƙara fari. Dubi hotunan amare da ke yawo a WhatsApp: baƙa da wankan tarwaɗa duk sun koma launi ɗaya, fuska ba ƙofar gashi, hannu kuma ya tona asiri domin an manta da shi. Gaskiya ne cewa baƙar fuska kusa da farar shadda da tsakar rana tana fita da duhu, saboda kyamara na rage haske don kada farin ya ƙone. Maganin wannan shi ne a koma inuwa, ko a jira la'asar, ko a ɗaga hasken wuraren duhu kaɗai. Canja wa mutum launi wani abu ne daban.

Kada a ɗauka muna ƙin ado. Hoton mutum bai taɓa rabuwa da shiri ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur, har da mota, domin masu zuwa su ara su ɗauki hoto da su, kuma a yau ana rataye aikinsa a manyan gidajen tarihi na duniya. Mu ma mun tashi mun ga labulen masu hoto mai zanen bene da jirgin sama, mun ga ana aron babbar riga ranar Sallah. Amarya ta sha lalle da kwalli, babu wanda ya ce ta yi ƙarya. Amma wanda ya jingina da motar Keïta shi ya zaɓi motar, yana tsaye da ransa, kuma fuskar da ta fito tasa ce. Malam ba ya nan balle a tambaye shi. Askar nan kuwa ita ce takardar shaidarsa tun kafin a san katin ɗan ƙasa. Da ita ake bambanta Bazamfare da Bagobiri da Bakabe a cikin kasuwa. Yanzu an kusa daina yi wa yara, wanzamai sun koma kaciya da ƙaho da aski. Nan da 'yan shekaru, tsofaffin hotuna ne kaɗai wurin da za a riƙa ganinta, idan jikoki ba su share ta ba da sunan gyara.

Abin da ya sa muke da kyakkyawan zato ga yaron shi ne abin da ya yi bayan nan. Bai yi gardama ba. Ya sake karɓar ƙaramin hoton, ya shimfiɗa shi a inuwa kusa da ƙofa inda haske ba ya ƙyalli a kan takarda, ya ɗauka a tsanake. Ya kwana biyu yana bin layin karyewar da yatsa, ɗigo bayan ɗigo, yana tsayawa duk inda ya kusanci kumatu. Inda bai tabbata ko tsaga ce ko ƙarcewa ba, sai ya je ya tambayi tsohuwar, ita kuma ta nuna masa a kan nata kuncin. Ya bar shi baƙi da fari. Hoton da ya fito bai kai na farko kyan gani ba, ido ɗaya ma har yanzu a dushe yake. Shi ne wanda ta rataye.

Shawararmu gare shi, da sauran masu irin sha'awarsa a Shinkafi da Zurmi, ba ta da yawa. Kada a taɓa goge hoton asali bayan an gyara. A ajiye su biyun. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa inganci. Abin da ya fi muhimmanci a wanke shi a takarda, kuma duk wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, ya san cewa abin da ke intanet kaɗai ba a hannunka yake ba. Idan an taɓa hoton mamaci, a gaya wa iyalinsa abin da aka taɓa.

Mun kuma roƙe shi ya koma tasha kafin hunturun bana ya wuce, ya sake ɗauka, ya bar hazon da awakin. Ya ce zai je ranar da ba shi da aiki a shago, bayan ya ba tantabaru ruwa.