Aron Magana da Faɗin Mai Ita

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi ya karanta mana babin farko na littafinsa, muka yi ta jinjina kai saboda daɗin zance. Can sai wani dattijo ya ce shi fa ya taɓa cin karo da wannan labari a wani littafin Larabci. Yaron bai musa ba, sai ma ya ce ai ko Abubakar Imam haka ya yi. Wannan amsa na sha jin ta a bakin marubutanmu, don haka ya kamata mu duba ta.

Gaskiya ne Imam ya yi aro. A shekarar 1936 ya zauna a Zariya wurin Dakta Rupert East, aka tara masa littattafan Larabci da na Turanci, daga nan Magana Jari Ce ya fito, kashi na farko a 1937. Labarin Kamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Sarkin Busa kuwa shi ne mai sarewar nan na garin Hamelin a ƙasar Jamus. Tun a Ruwan Bagaja ma, wanda ya shiga gasar 1933, duk wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure zai hango inuwarsa a tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe.

To amma fa mu dubi abin da ya yi da kayan aron. Ɗauki Kalala da Kalalatu. A wurin 'yan'uwan nan biyu, su Grimm, kuyanga ce ta cinye kajin ubangidanta, ta tsorata baƙo cewa kunnuwansa za a yanke. Imam ya mai da ita matar gida, sai abin ya koma rikicin miji da mata da kunyar baƙo, irin wadda kowane magidanci Bahaushe ya san zafinta. Wanda bai sani ba sai ya rantse a ƙauyensu aka yi. Yaron namu kuwa sunaye kaɗai ya sauya, har jerin maganganun yana nan yadda mai shi ya bar shi. Ina dalma, ina azurfa?

Na biyu, Imam bai ɓoye ba. A tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya shirya, aka buga a 1989, ya faɗi yadda aka yi aikin. Duk da haka ina da ƙorafi, Allah ya jiƙansa. Mu da muka karanta littafin a makaranta ba mu ga asalin kowane labari a ƙarƙashinsa ba, sai da manazarta suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da an rubuta, da ba abin da zai ragu daga darajarsa, da ma ɗalibi ya sami damar kwatantawa ya ga inda gwanintar take.

Wasu na cewa ambaton tushe bidi'ar jami'a ce. Ko kusa! Buɗe kowane littafi na Shehu Usmanu ko na ƙanensa Abdullahi, za ka tarar suna faɗin sunan malami da littafinsa kafin su kawo maganarsa, in ta ƙare kuma su sa intaha, don mai karatu ya san inda bakin wancan ya tsaya. Waƙar Tabban Haƙiƙa har yau an san Shehu ne ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mutum uku a waƙa ɗaya, ba wanda ya cinye haƙƙin wani.

Abin da muka roƙi marubucin nan bai taka kara ya karya ba: layi biyu a gabatarwa, ya ce daga littafi kaza ya samo ƙashin labarin, sannan inda ya ɗauko magana sukutum ya sa mata baka biyu da sunan mai ita. Ya ce yana tsoron masu saye su raina shi. Dattijon nan ya tambaye shi kwafi nawa zai buga, ya ce dubu biyu. Ya ce masa, to, a cikin mutum dubu biyu ba za a rasa wani tsoho irinsa ba.