Faifan Jabu da Gumin Mawaƙi: Daga Memfis zuwa Cirozerin

A kasuwar Cirozerin, kamar a ta Agadas ko ta Arlit, ba a rasa rumfar mai tura waƙoƙi. Saurayi ne da kwamfuta da lasifika. Mutum ya miƙa masa katin memori da ƴan kuɗi kaɗan, ya cika masa shi da abin da ransa ke so: jitar Abzinawa, waƙoƙin finafinan Kano, Shata da Ɗan Maraya, wani lokaci har da James Brown da Otis Redding, waɗanda dattawan da suka yi samartaka a shekarun 1970 ba su daina marmari ba. Kafin zuwan kwamfuta, rediyo mai baki biyu ke yin wannan aiki, ana juye kaset daga kaset. A cikin kuɗin da ke shiga rumfar, ko dala ba ta isa hannun wanda ya yi waƙar. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, kuma ba a saba ɗaukar abin a matsayin laifi ba. Tambayar da ta kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya a kanta ita ce: mene ne hukuncin mutumin da ya sayi tsohuwar waƙa da aka sake bugawa ba da iznin mai ita ba?

Tarihin kiɗan sol na Baƙaƙen Amurka ya nuna cewa amsar ba ta da sauƙi. Kamfanin Stax na birnin Memfis shi ya fito da Otis Redding, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1967 yana da shekara 26. A 1968, lokacin da Stax ya rabu da kamfanin Atlantic mai rarraba masa faifai, sai masu shi suka gano cewa yarjejeniyar da suka sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic asalin naɗin waƙoƙinsu. Doka ce ta raba su da dukiyarsu, ba ɓarawon kasuwa ba. Haka Ruth Brown, wadda muryarta ta ɗaga Atlantic a shekarun 1950, ta koma aikatau da tuƙin motar ƴan makaranta, alhali faifanta na halal ana sayar da shi. Sai da ta yi doguwar gwagwarmaya tare da lauya Howell Begle kafin kamfanin ya sake lissafin kason tsofaffin mawaƙansa, aka kuma kafa gidauniyar tallafa musu a 1988. Darasi na farko ke nan: tambarin kamfani a bayan faifai bai isa shaida ba cewa mawaƙi ya ci guminsa.

Masu kare faifan jabu suna riƙe da wannan hujja da ƙarfi, suna kuma da wata. A arewacin Ingila, a shekarun 1970, matasa ƴan ƙwadago sun haukace da tsofaffin waƙoƙin sol da Amurka ta manta da su, suna kwana rawa a gidaje irin su Wigan Casino, wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Da yake faifan asali ya yi wuyar samu, sai ƴan kasuwa suka shiga buga jabu. Wata waƙar Frank Wilson da kamfanin Motown ya naɗa a 1965 ya kuma janye ta kafin ta shiga kasuwa, ta wannan hanya ta farfaɗo, har aka sayar da ɗaya daga cikin ƴan faifan asalin da suka tsira a kan fam sama da 25,000 a 2009. Gaskiya ne jabu ya ceto waƙar daga mantuwa. Amma wanda ya buga jabun ya sauya sunan mawaƙin, ya liƙa wani suna daban don kada a gano tushen. Ya ci kuɗin, ya kuma ci sunan. A ƙasar Hausa, inda makaɗi ke buɗe waƙa da ambaton kansa da ubangidansa da ƴan amshinsa, an san cewa raba mutum da sunansa ya fi raba shi da kuɗinsa ciwo.

Yankin Abzin na da nasa labarin da ya yi kama da wannan. A farkon shekarun 1990, lokacin tawaye, waƙoƙin Abdallah Oumbadougou ba su da kanti ba su da kamfani. Kaset ne ake juyewa a ɓoye, ya bi hannu zuwa hannu daga zango zuwa zango, kuma riƙe shi na iya jawo wa mutum fitina. Wanda ya juye irin wannan kaset ya ba ɗan'uwansa ba ciniki ya yi ba, saƙo ya isar, kuma abin da mawaƙin ke so ke nan. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Afrilun 1995 yanayi ya sauya. Kundinsa Anou Malane, wanda ya naɗa a Kwatano tare da Nel Oliver, mawaƙin Benin da ya taso cikin kiɗan sol, an sake buga shi da izninsa a 2019, ƴan watanni kafin rasuwarsa a Janairun 2020. Waƙa ɗaya ce, amma kwafin 1992 da kwafin yau hukuncinsu ba ɗaya ba ne, domin a da babu ƙofa, yanzu kuwa akwai.

Misalin Mdou Moctar ya ƙara fito da abin fili. Ya naɗa kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu ta wayoyin hannu har Mali ba tare da ya samu ko sisi ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga katunan memori a Kidal. Da farko ya yaɗa su ba da iznin kowa ba, kamar yadda ya same su. Da ya tashi buga su a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, sai ya bi sawun mawaƙan har ya same su, aka ware musu kashi 60 cikin 100 na abin da faifan ya kawo. Ta wannan ƙofa Mdou Moctar ya fita duniya. Kamfanin ne kuma ya sake buga a 2013 kiɗan da Mamman Sani ya naɗa da organ ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Neman mai waƙa yana da wahala, amma an ga yana yiwuwa. Wanda ya ce bai san inda zai same shi ba, sau da yawa bai nema ba ne.

Akwai masu cewa haƙƙin mallakar waƙa baƙon tunani ne, tunda makaɗin gargajiya daga ubangida da ƴan biki yake samun abincinsa: doki, riga, kujerar Makka, kuɗin liƙi. A wurinsa kaset talla ce, yawan yaɗuwarta yawan gayyata. Wannan magana tana da gaskiya ga makaɗi mai rai da lafiya. Ba ta da amfani ga wanda murya ta ƙare masa, ko ga marayun da ya bari, waɗanda ba su gaji komai ba sai naɗin. Kuma dokar ƙasa ba ta yi shiru ba: Nijar ta kafa dokar haƙƙin mawallafa a 1993, ta sabunta ta a 2010, tana da ofishin BNDA mai karɓar kason masu fasaha, tana kuma cikin ƙungiyar OAPI da yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa dukiya ce da ba ya halatta a taɓa.

Saboda haka mai saye zai iya auna kansa da tambayoyi uku. Shin akwai hanyar halal ta samun wannan waƙa da aljihunsa zai iya ɗauka? Shin wanda ya buga ta ya ambaci sunan mawaƙi da makaɗansa da shekarar naɗi daidai? Shin kuɗin da zai biya wa zai amfana? Ma'aikacin SONICHAR da ya tura wa abokinsa waƙar da ba ta a kowace kasuwa, nauyinsa kaɗan ne. Ɗan kasuwar da ya buga dubban faifai a Turai, ya ƙawata bango, ya sayar da tsada ga masu hali, bai nemi kowa ba, shi ne babban mai laifi, kuma mai saye da ya sani ya saya ya yi tarayya da shi. Masu iya magana sun ce ɓarawo ba ya sata sai da mai saye.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu aiki ne na kusa. A gidaje da yawa na Cirozerin da Agadas akwai akwatunan tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke cinyewa. Ya kamata a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan kowane mawaƙi da wuri da lokaci tun masu tunawa suna raye, a nemi iyalai kafin a ba wani baƙo kwafi, a kuma taimaka wa matasan makaɗa su yi rajistar ayyukansu. Malamin da ya kunna wa ɗalibansa waƙa a aji, ta Otis Redding ce ko ta Ma'azu Ɗan Alalo, ya fara da rubuta sunan mai ita a allo.