Akwati, Murya da Mai Sauraro: Sharhi a kan Aikin Ƙungiyar Adana Tsofaffin Rediyo ta Bloomfield

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan aikin wata ƙungiya ta masu sha'awar tsofaffin kayan rediyo da ke ƙasar Amurka, watau Antique Wireless Association, wadda za mu riƙa kira AWA a taƙaice. Za mu duba aikin nata ta fuska biyu: yadda take adana tarihin rediyo, da kuma yadda take isar da wannan tarihi ga jama'ar da ba 'ya'yanta ba. Mun zaɓe ta ne saboda daɗewarta, domin kuwa ƙungiyar da ta haura shekara 70 tana aiki ɗaya ta isa a auna ta da sakamakon aikinta.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi mai sauƙi ne. A ganinmu tarihin rediyo tamkar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: na'urar da ke aikawa da karɓa, muryar da ta bi ta cikin na'urar, sa'an nan mutumin da ya zauna ya saurara. Tambayar da za mu bi ita ce, wanne daga cikin ukun nan AWA ta riƙe da ƙarfi, wanne kuma ta sassauta wa?

2.0 Asalin Ƙungiyar da Ayyukanta

An kafa AWA a shekarar 1952 a yammacin jihar Niyu Yok. Waɗanda suka assasa ta su uku ne, Bruce Kelley da George Batterson da Linc Cundall, dukkansu masu rediyon sha'awa, watau mutanen da ke da lasisin yin magana da junansu ta iska daga gidajensu. Lokacin kafuwarta abin lura ne. An ƙirƙiro taransista a 1947, kuma a 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyon aljihu mai aiki da ita. Ke nan ƙungiyar ta zo daidai sa'ad da rediyo mai bawul ya kama hanyar zama tsohon yayi, talabijin kuma ya fara ture shi daga tsakar falo, kayan farkon ƙarni suna tafiya juji.

Kayan da aka fara tarawa a rumbun gidan Kelley su ne suka bunƙasa har aka buɗe musu gidan tarihi a wani tsohon ginin makaranta a garin Bloomfield a 1975, sa'an nan aka koma sabon mazauni mafi fili a 2013. Ta fuskar rubutu, ƙungiyar ta fara fitar da mujallarta The Old Timer's Bulletin a 1960, wadda daga baya aka sake wa suna The AWA Journal, kuma a 1986 ta ƙaro da The AWA Review domin dogayen takardun bincike. Bugu da ƙari tana da babban taro na shekara-shekara a yankin birnin Rochester, inda akan gabatar da laccoci, a yi gwanjo, a kuma baje kolin tsofaffin kaya. Kusan duk wannan aiki 'yan sa-kai ne ke yin sa.

3.0 Inda Aikin ya yi Armashi

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne, ƙungiyar ta ɗauki na'ura a matsayin shaidar tarihi wadda ake yi wa tambaya ta ba da amsa. Alal misali, kowane littafin tarihi zai gaya mana cewa na'urorin aika saƙo na zamanin Marconi da tartsatsin wuta suke aiki, kuma an hana amfani da su tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu saboda suna mamaye zangon kowa. To amma wanda ya tsaya kusa da irin wannan na'ura aka kunna ta, ya ji tsawarta, ya ga walƙiyarta, shi ne zai gane halin da ma'aikacin wayalis na jirgin ruwa yake aiki a ciki. Gani ya kori ji. Wannan ne amfanin kwaikwayon ɗakin wayalis na jirgin Titanic da ke gidan tarihin: yana sa mai ziyara ya fahimci yadda Jack Phillips da Harold Bride suka yi ta buga neman agaji a daren da jirgin ya nitse cikin Afrilun 1912, har jirgin Carpathia ya zo ya tsamo mutane wajen 700.

Abu na biyu shi ne gasar da ake yi da sunan Bruce Kelley, wadda sharaɗinta shi ne mai shiga ya yi amfani da na'urar aikawa irin ta 1929 ko kafin nan, ko ta asali ko wadda ya ƙera da hannunsa bisa tsarin wancan zamani. Shekarar tana da tarihi, domin a farkonta ne ƙa'idojin taron rediyo na duniya da aka yi a Washinton a 1927 suka fara aiki, aka ƙuntata wa masu rediyon sha'awa zangonsu, ya zama dole su gyara na'urorinsu su daina yawo daga zango zuwa zango. Wanda ya ƙera irin wannan na'ura ya ga yadda ko iska ta kaɗa eriya sai sautin ya karkace, ya san matsalar mutanen 1929 sani na hannu. Mu a nan muna ganin wannan wata hanyar bincike ce sahihiya, wadda malaman tarihi na jami'a ba kasafai suke da ita ba.

Abu na uku shi ne ceto. Tashar Muryar Amurka ta garin Delano a Kalifoniya ta fara aiki a 1944, aka rufe ta a 2007. AWA, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar masu tara kayan kamfanin Collins, ta kwance babbar na'urar gajeren zango mai ƙarfin kilowat 250 da kayan ɗakin sarrafa ta, aka ratsa ƙasar da su daga yamma zuwa gabas, aka sake harhaɗa su a Bloomfield. Irin wannan na'ura ba ta shiga ɗakin mai tara kaya shi kaɗai. In ba ƙungiya ta tsaya ba, makomarta hannun masu sayen tsohon ƙarfe.

4.0 Inda Muke da Ja

4.1 Tarihin maƙera

Mai karanta mujallun ƙungiyar zai lura cewa nauyinsu ya karkata ga masu ƙirƙira da kamfanoni: bawul ɗin Fleming na 1904, na De Forest na 1906, dabarun Armstrong har zuwa FM a 1933, da tarihin masana'antu irin su Atwater Kent da Crosley da Stromberg-Carlson ta nan Rochester. Wannan bincike ne mai zurfi, kuma ba ma raina shi. Sai dai tsari irin wannan yakan mai da tarihi jerin sunayen gwanaye, kowane yana miƙa wa na bayansa, kamar dai rediyo ya bunƙasa ne a ɗakin gwaji kurum. Alhali kuwa abin da ya sa ranar 2 ga Nuwamba 1920 ta shiga tarihi, sa'ad da tashar KDKA ta Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, shi ne an sami mutanen da suka zauna suka ji. Haka kuma tashar WDIA ta Memphis, wadda a ƙarshen shekarun 1940 ta mai da shirye-shiryenta kacokan ga baƙaƙen fata, da WERD ta Atlanta wadda ta zama ta farko mallakar baƙar fata a 1949, ba su kawo wani sabon bawul ba, amma sun canza ma'anar rediyo ga miliyoyin mutane. Ma'aunin da ke kallon na'ura kaɗai ba ya iya auna irin wannan canji.

4.2 Murya ta fi akwati saurin mutuwa

Akwatin katako na 1930 in an ajiye shi a busasshen wuri zai iya ƙara wani ƙarni. Muryar da ta fito daga cikinsa ba haka take ba. Yawancin shirye-shiryen farko kai tsaye aka watsa su, ba a ɗauke su ba sam. Waɗanda aka ɗauka tun daga tsakiyar shekarun 1930 a kan faifai mai shafen laka aka yanka su, shafen kuwa yana tsagewa ya ɓare, kuma na zamanin yaƙi da dama a kan gilashi aka yi su saboda an karkatar da alminiyam ga aikin soja. Tef ɗin da ya biyo baya shi ma wani irinsa yakan yi danƙo ya manne. Saboda haka ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya kafa kwamitin ceton tarihin rediyo a 2014. Abin da muke nufi shi ne, a wajen rabon lokaci da kuɗi, abin da ya fi kusa da halaka shi ya kamata ya sha gaba, alhali sha'awar mai tara kaya takan ja shi zuwa ga abin da ido ke gani, hannu ke shafawa.

Akwai kuma wata barazana. Jamus ta rufe tashoshin gwamnati na matsakaicin zango a ƙarshen 2015, Faransa ta daina watsa shirye-shiryen France Inter a dogon zango a ƙarshen 2016, Norwe kuma ta kashe FM na tashoshin ƙasa a 2017. A irin waɗannan wurare tsohon rediyo, komai kyawun gyaransa, abin da zai kama ya ragu ƙwarai. Duk ƙungiyar da ta dogara ga kunna akwati domin jawo jama'a, wajibi ne ta tanadi abin da akwatin zai faɗa.

4.3 Gyara ko adanawa?

Kafin tsohon rediyo ya yi magana, galibi sai an cire kwandensarsa ta takarda da ta lalace an sa ta zamani. Wasu gwanayen ma sukan fafe tsohuwar su ɓoye sabuwa a cikin ɓawonta domin kada ido ya gane. Wannan al'ada ce sananniya tsakanin masu gyaran tsofaffin rediyo ko'ina. Ta fuskar nuni dabara ce mai kyau, amma ta fuskar shaida akwai haɗari, domin mai bincike na gaba zai ɗauka abin da ya tarar na asali ne. Ra'ayinmu shi ne, kayan da babu irinsu da yawa a bar su yadda suke, a yi nuni da kwaikwayonsu, kuma duk gyaran da aka yi a rubuta shi a takardar da za ta bi akwatin duk inda ya tafi.

5.0 Isar da Tarihin ga Jama'a

Ƙungiyar tana karɓar masu ziyara da 'yan makaranta, tana koyar da yara da manya harhaɗa ƙananan na'urori da liƙi da dalma, tana kuma sa laccocinta a intanet. Daga cikin waɗannan, koyarwar ce muka fi ba muhimmanci. Dalili kuwa, ilmin gyaran rediyo mai bawul a hannu yake zaune, kuma mutanen da suka koye shi a matsayin sana'a tsufa ya cim musu. In babu magada, wata rana gidan zai cika da kayan da ba mai iya tayar da su.

Duk da haka muna ganin isarwar ta fi tafiya ta hanya ɗaya: masani yana bayani, baƙo yana ji. Tsohuwar da ta zo ta ga irin akwatin da iyayenta suka ji jawaban Shugaba Roosevelt da shi tsakanin 1933 da 1944, ita ma tana ɗauke da wani yanki na tarihin da ba ya cikin kowace mujalla: ina aka ajiye akwatin, wa ke da ikon murɗa shi, wane shiri ke tsayar da aikin gida. Kamata ya yi naɗar irin wannan bayani ya zama aiki na dindindin, daidai da rajistar kaya. Haka nan na'urar Delano rabin labari take bayarwa. Sauran rabin yana wurin mutanen Asiya da yankin Fasifik da Latin Amurka waɗanda suka kasa kunne gare ta shekara da shekaru.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa AWA ta riƙe dutse na farko, watau na'ura, riƙo na ƙwarai, har ta mai da ƙira da gwaji hanyar nazarin tarihi. Mun kuma nuna cewa murya da mai sauraro suna bukatar irin wannan himma, kuma su ne lokaci ya fi yi wa gaggawa.

Wannan hukunci ya shafe mu mahalarta wannan taro ta wata fuska. Abin da ya yi ƙaranci a Bloomfield shi ne muke da shi a yalwace. An kafa rediyon waya mai akwatin bango a Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, a wannan shekarar kuma aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, wadda ta riƙa naɗar ra'ayin manoma tana mayarwa a iska. Har yanzu akwai dattawan da suka ji waɗannan abubuwa da kunnensu, akwai ƙungiyoyin masu sauraro da zaɓi-sonka, akwai kuma tsofaffin masu gyaran rediyo a kasuwanninmu. Abin da za mu ara daga AWA shi ne tsari: rajistar kowane abu, mujalla mai fita a kan kari, da taron da ba ya fashi. Muna ba da shawara sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu su sa naɗar hira da waɗannan mutane cikin ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe, su kuma nemi haɗin kan gidajen rediyo a juye tsofaffin tef zuwa kwamfuta, a fara da waɗanda suka fi tsufa.