Jinjina ga Ƙananan Maɗaba'u na Kano

Marubucin labari ba ya rasa dalilin ajiye alƙalami. Yau ciwon kai, gobe biki, jibi ya ce labarin bai nuna ba tukuna. Haka rubutu zai shekara a cikin akwati. Abin da ya tayar da marubuta da dama daga wannan jan ƙafa shi ne ƙananan maɗaba'u, kuma sun cancanci jinjina.

A shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin buga littattafai irin su NNPC ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta. Marubutan Kano ba su tsaya jira ba. Suka kai rubutunsu ga masu buga katin biki da kalanda, suka biya daga aljihunsu. Ta wannan hanya Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu ma ta kai Alhaki Kuykuyo Ne hannun jama'a.

Hikimar da ta fi burge ni ita ce buga labari kashi-kashi. Idan littafi na ɗaya ya fita, masu karatu za su dami mai shago a Sabon Gari da tambayar na biyu, shi kuma ya dami marubuci. Ina lokacin kasala? Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ma, a wancan lokacin, takan jera sunayen littattafan 'ya'yanta a cikin bugunta, kowa na tallata ɗan'uwansa.

Takardar ba ta da kauri, wani lokaci tawada ta dushe. Duk da haka littattafan sun shiga ɗakunan matan aure, ana aron su gida-gida har bango ya yage.